Ga Aiki Ga Zaman Jira: Nazarin Halin da Wani Ma'aikacin Masana'anta Ya Shiga a Kano, 2015 zuwa 2018

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya bi sawunsa ma'aikaci ne a wata masana'antar kayan roba da ke Sharada a Kano, inda ake zuba bokitai da butoci da kujeru da robobin wanki. An sakaya sunansa da na kamfanin. A unguwa da wurin aiki Injiniya ake kiransa, kuma da haka za a ambace shi a nan. Yana da babbar difloma a fannin lantarki, ya kama aiki a kamfanin a 2007, aikinsa kuma shi ne kula da lafiyar injinan zuba roba da janaretocin da ke juya su. A farkon 2015 shekarunsa 38, yana da mata da 'ya'ya huɗu, suna zaune a gidan haya da bai da nisa da wurin aikin. Mahaifiyarsa tana ƙauye, shi ke aika mata kuɗin cefane duk wata, shi ne kuma ke biyan kuɗin makarantar ƙanensa guda.

Albashinsa na asali naira 45,000 ne a wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashi na ƙasa yake naira 18,000. Sai dai kamfanin yana aiki dare da rana, kwana shida a mako, don haka kuɗin ƙarin awanni da alawus na kwanan dare sukan kai abin da yake ɗauka gida kusan naira 65,000. A kan wannan adadi aka gina komai na gidan: hayar naira 130,000 a shekara, makarantar kuɗi ta yara uku, adashin naira 10,000 a wata, da fulotin da ya saya a bayan gari a 2013 da niyyar fara gini. Bayanan da ke biye sun fito ne daga takardun albashinsa, da littafin bashin mai kantin unguwa, da katin asibitinsa, da abin da shi da mai ɗakinsa suka faɗa da bakinsu.

A shekarun da ake magana, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana ɗaukar wanda ke aikin awa 40 ko fiye a mako a matsayin mai cikakken aiki, wanda ke yin awa 20 zuwa 39 a matsayin mai ƙarancin aiki, wanda bai kai awa 20 ba kuma ana lissafa shi cikin marasa aikin yi. A 2015 Injiniya yana rukunin farko, har da rara.

Yuni 2015 zuwa Afrilu 2016: ƙarin awanni sun tafi

Gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗi ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, kuma da yake daga mai ne Najeriya ke samun mafi yawan kuɗin waje, dala ta yi wuyar gani. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya fitar da jerin kayayyaki 41 da ya daina ba da dala a farashin gwamnati don shigo da su, kuma a cikinsu akwai kayan roba da wani nau'in tsabar robar da irin waɗannan masana'antu ke narkawa. Kamfanin ya rage da zaɓi biyu: ko ya bi layin tsabar da ake yi a Eleme ta jihar Ribas, wadda kowa ya koma kanta, ko ya nemi dala wajen 'yan canji, inda a farkon 2016 ta haura naira 300 alhali gwamnati tana riƙe da ita a kan 197.

A watan Oktoban 2015 aka soke aikin dare. A Janairun 2016 aka soke na Asabar. Babu wanda aka taɓa albashinsa na asali, babu wanda aka sallama, amma abin da Injiniya ke kaiwa gida ya koma naira 45,000 cif, wato kusan kashi ɗaya bisa uku ya zube. Daga Fabrairu kuma hare-haren da aka kai kan bututun mai da na iskar gas a yankin Neja Dalta suka rage wutar lantarki a faɗin ƙasa, kamfanin ya ƙara dogara da man dizal. A ƙarshen Maris gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, kuma wasu daga cikin dilolin da ke ɗaukar kayan kamfanin bashi su biya daga baya suna cikin waɗanda abin ya shafa.

Injiniya ya ɗauki wannan a matsayin rauni na 'yan watanni. Bai rage ko ɗaya daga cikin hidimomin da ke kansa ba, bai kuma sanar da kowa a gida ba. Da kwasar adashinsa ta zo a Fabrairu, naira 100,000 da ya yi niyyar sayen bulo da su, sai ya riƙa cike giɓin wata-wata da su har suka ƙare a Mayu.

Mayu zuwa Satumba 2016: sunaye a bakin get

A watan Mayu gwamnati ta ƙara farashin litar fetur daga naira 86.50 zuwa 145. Ranar 20 ga Yuni Babban Banki ya saki naira, wato ya daina riƙe farashinta a kan 197, ta faɗi zuwa kusan 280 a kan dala a kasuwar hukuma. Cikin wannan watan, ana tsakiyar azumi, shugabannin kamfanin suka tara ma'aikata suka ce musu ko dai a sallami kashi ɗaya bisa uku, ko kowa ya zauna amma a riƙa biya gwargwadon kwanakin da mutum ya yi aiki. Ma'aikatan suka zaɓi na biyun, kusan baki ɗaya. Ba a rubuta komai a takarda ba.

Yadda aka tafiyar da abin shi ne, kowace safiya da ƙarfe bakwai ana liƙa jerin sunayen waɗanda za su shiga a bakin get, kuma jerin ya danganta ne da ko tsabar roba ta iso, ko an samu dizal, ko akwai odar kaya. Wanda ya ga sunansa ya shiga. Wanda bai gani ba ya juya, ba ko kuɗin mota. Aka kuma gargaɗe su cewa duk wanda aka nema sau uku ba ya nan za a ɗauka ya bar aiki da kansa. Saboda haka Injiniya yana zuwa Sharada kwana biyar a kowane mako, yana ƙona man babur a sabon farashi, amma kwanakin da ake biyansa ba su wuce 11 zuwa 13 a wata ba. Takardun albashinsa na Yuli zuwa Disamba sun nuna tsakanin naira 19,000 da 23,000. A mafi yawan makonni awa 24 yake yi, wanda ya sa shi cikin masu ƙarancin aiki a ma'aunin hukuma. A wasu makonnin awa 16 ne, wanda a ma'aunin nan rashin aiki ne, ko da yake katin shaidar kamfani yana rataye a wuyansa.

Sashe na 17 na Dokar Ƙwadago ya ɗora wa mai kamfani nauyin ba ma'aikaci aiki a duk ranar da ya gabatar da kansa yana da lafiya, ko kuma ya biya shi ladan ranar, sai dai idan akwai yarjejeniyar gamayya da ta tanadi wani abu daban, ko wata larura ta ɗan lokaci da ta fi ƙarfin mai kamfanin. Injiniya bai san da wannan sashe ba a lokacin, kuma babu wanda ya tayar da maganarsa a taron.

A ranakun da babu sunansa ba ya komawa gida. Ya ce abin da ya fi yi masa nauyi shi ne maƙwabta su ga magidanci ya dawo da ƙarfe takwas na safe. Yakan zauna a teburin mai shayi da sauran waɗanda aka mayar, daga nan ya koma masallacin da ke kusa har a yi azahar, wani lokacin har la'asar, sannan ya nufi gida kamar wanda ya taso daga aiki. Da yake kowa na ganin fitarsa da kayan aiki, buƙatun dangi ba su ragu ba. Ƙaruwa ma suka yi, domin buhun shinkafa ya kusa ninka kuɗinsa a wannan shekarar, kuma waɗanda suka rasa aiki gaba ɗaya sun ɗauke shi cikin masu rufin asiri. Bai taɓa cewa babu ba. Yakan ranto ya bayar.

A ƙarshen Agusta Hukumar Ƙididdiga ta tabbatar da cewa tattalin arzikin ƙasa ya shiga koma baya, karon farko cikin fiye da shekara ashirin. Babbar Sallah ta zo a Satumba, Injiniya bai yi layya ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ya yi aure. A makon ne mai ɗakinsa ta ji daga matar wani abokin aikinsa yadda ake ciki a kamfanin, wata uku bayan farawar tsarin.

Oktoba 2016 zuwa Janairu 2017: abubuwan da aka gwada

Abu na farko da ya gwada shi ne tuƙin Adaidaita Sahu, domin tun 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano, babur ɗinsa kuma ba zai ɗauki fasinja ba. Wani ɗan unguwa ya ba shi mashin bisa sharaɗin balas na naira 2,000 a kullum. Matsalar ita ce sai ya je Sharada ya tabbatar babu sunansa kafin ya dawo ya ɗauki mashin, lokacin ƙarfe tara ta gota, 'yan makaranta da ma'aikata sun riga sun wuce. A ranakun da sunansa ya fito kuma mashin ɗin kwana yake a ajiye, mai shi bai samu komai ba. Bayan mako biyar mai mashin ya ba shi haƙuri ya miƙa wa wani yaro da zai fita tun asuba kullum.

Ya koma ga abin da ya iya. Ya zagaya wajen masu injin niƙa da masu ruwan leda da masu rijiyar burtsatse yana ba da lambarsa, aka kuma fara kiransa, saboda hannunsa na da kyau a naɗin kwayil da gyaran allon wuta. Amma wanda injinsa ya tsaya yana son a ce masa gobe da safe ne, shi kuwa iyakar abin da zai iya cewa shi ne idan ba a neme shi a kamfani ba zai zo. Sau biyu ya yi alkawari sunansa ya fito, ya bar mutane suna jira. Ɗaya daga cikinsu ya riga ya kwance injin. Daga nan kira ya ɗauke.

Ya duba ɓangaren gwamnati. Shirin N-Power da aka fara a 2016, mai biyan naira 30,000 a wata, na matasa ne masu shekara 18 zuwa 35 da ba su da aiki. Injiniya ya wuce shekarun, kuma a takarda yana da aiki. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya ciri kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa, amma sai wanda ya rabu da aiki ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba. Da ya je ofishin masu kula da asusunsa, takardar barin aiki aka fara tambayarsa. Ya yi tunanin ajiye aikin don ya samu kuɗin, sai ya lissafa cewa wanda ya tafi da ƙafarsa ba shi da rabo a kuɗin sallama idan kamfanin ya rage ma'aikata daga baya, ga shekara tara da ya riga ya zuba a wurin. Ya fasa.

A Nuwamba ya ranci naira 60,000 wajen wani abokinsa ya zuba a MMM, tsarin nan na intanet da ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. Wasu a teburin mai shayi sun nuna masa saƙon banki na kuɗin da suka karɓa. A tsakiyar Disamba tsarin ya daskarar da asusun mutane, kuɗinsa ba su dawo ba. A watan ne rigima ta yi tsanani a gida, mai ɗakinsa ta yi yaji ta tafi gidan iyayenta da ƙaramin yaron.

A Janairun 2017, watan da hauhawar farashi ta kai kashi 18.72 cikin ɗari, haya ta cika, bashin kanti ya kai naira 41,000, ga na abokinsa. Ya sayar da fulotin a ƙasa da yadda ya saye shi, domin masu sayarwa sun fi masu saye yawa a lokacin. Ya biya haya da rabin basussukan, ya cire yara biyu daga makarantar kuɗi ya kai su ta gwamnati.

Fabrairu 2017: asibiti

Tun wajen Agusta barcinsa ya lalace. Yakan farka ƙarfe biyu na dare yana lissafin ko sunansa zai fito, kuma ya ce daren da ya fi wuya shi ne na bayan kwana biyu a jere ba a ɗauke shi ba. Ciwon kai ya zama na kullum, yana sayen magani a kemis yana sha. Ya daina zuwa ɗaurin aure da suna saboda babu abin gudummawa, ya daina zama a majalisar da ya shekara goma yana zama. Mai ɗakinsa ta ce mutumin da a da yake zama ya duba wa yara aikin gida ya koma wanda da an ji ƙarar babur ɗinsa kowa ke neman lungu.

A tsakiyar Fabrairu, a wata ranar da aka ɗauke shi bayan kwana uku yana juyawa, ya sa hannu a allon wutar wani inji ba tare da ya kashe ta ba, abin da yake hana yaran da ke ƙarƙashinsa kullum. Ya ƙone a yatsu biyu. A asibitin da aka kai shi aka auna jininsa aka samu 165 bisa 105, aka sake aunawa bayan mako guda bai sauka ba. Likita ya ɗora shi a kan maganin hawan jini, ya tambaye shi yadda yake barci da abin da ke damunsa, ya kuma ce ya zo da wani babba daga cikin danginsa. Kafin wannan lokaci babu tarihin hawan jini a katinsa.

Maris zuwa Yuni 2017: zaman dangi da jadawali

Yayansa ne ya raka shi asibiti, kuma a ranar ya fara jin cikakken labarin. Bayan mako guda aka yi zama a gidan surukinsa, Injiniya ya baje takardun albashinsa na wata takwas a gaban manya. Mai ɗakinsa ta dawo. Aka raba cefanen mahaifiyarsu tsakanin 'yan'uwa uku, wani kawunsu ya ɗauki kuɗin makarantar ƙanen, aka kuma sanar da sauran dangi halin da yake ciki, abin da ya shafe wata tara yana gudu. Ita kuma ta fara sayar da garin ɗanwake da yajin daddawa daga gida da jarin da mahaifinta ya ba ta.

A kamfanin, ƙonewar tasa da tafiyar wasu ƙwararrun masu gyara biyu zuwa wani wuri sun sa ma'aikata sun sake zama. Suka naɗa wakilai bakwai, har da Injiniya da wakilin ƙungiyar ƙwadago na reshen. Ba su nemi ƙarin kuɗi ko ƙarin kwanaki ba, domin sun san babu. Abin da suka nema shi ne a daina liƙa sunaye da safe, a fitar da jadawalin mako biyu tun kafin lokaci, kowa ya san ranakunsa, kuma idan kamfani ya soke ranar da ya riga ya sa mutum, ya biya shi rabin ladanta. Da farko shugabannin sun ƙi, suna cewa su kansu ba su san ranar da kaya za su iso ba. A zama na uku suka yarda. Abu biyu suka taimaka: tsoron rasa sauran masu gyara, tun da inji guda da ya kwana a tsaye ya fi ladan mutum goma tsada, da kuma sassaucin dala. Bayan ta haura naira 500 a kasuwar bayan fage a Fabrairu, Babban Banki ya ƙara sakin ta, farashinta ya fara saukowa, kamfani ya iya tsara sayen tsabarsa. A farkon Afrilu aka sa hannu a takarda mai shafi ɗaya.

Injiniya ya samu Litinin, Talata da Laraba. Kwana 12 ko 13 ne a wata, kamar da, albashin ma bai motsa ba. Amma yanzu Alhamis, Juma'a da Asabar nasa ne, kuma ya san haka tun mako biyu kafin su zo. Ya koma wajen mutanen da ya ɓata wa a baya ya ba su haƙuri, ya kawo musu wani tsari: maimakon su jira inji ya lalace, zai riƙa zuwa a rana tsayayya kowane mako ya duba shi, su biya shi a wata. Lokacin zafi ne, ga azumi na tafe a ƙarshen Mayu, masu ruwan leda ba sa son injinsu ya tsaya ko na awa guda. Uku daga cikinsu suka amince, sai wani mai injin markaɗa tsohuwar roba ya biyo baya. Daga Mayu wannan aiki ya fara kawo masa naira 25,000 zuwa 30,000 a wata, ya kuma daina ƙona mai zuwa Sharada a ranakun banza. Awon da aka yi masa a Yuli ya nuna 135 bisa 85, ya kuma shaida wa likita cewa yana barci har asuba a mafi yawan darare.

Yuli 2017 zuwa ƙarshen 2018: inda aka kwana

A Satumban 2017 aka sanar da cewa ƙasa ta fita daga koma bayan, da ɗan ci gaban da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba a zango na biyu na shekarar. Kasuwar aiki ba ta bi sahu nan take ba: rashin aikin yi da yake kashi 14.2 cikin ɗari a ƙarshen 2016 ya kai 18.8 a zango na uku na 2017, ya kai 23.1 shekara guda bayan nan, ƙarancin aiki kuma ya tsaya wajen kashi 20 zuwa 21 a duk tsawon lokacin. Kamfanin ya koma kwana huɗu a Nuwamban 2017, kwana biyar a tsakiyar 2018. Aikin dare bai dawo ba. Da aka yi masa tayin Asabar, Injiniya ya ƙi, ya riƙe ta don masu ruwan ledarsa biyu da suka rage.

Ya gama biyan bashi a Maris 2018. Fulotin bai dawo ba, kuma kuɗin fili a wurin ya wuce inda hannunsa zai kai. Yaran biyu sun ci gaba a makarantar gwamnati, babbar ta maimaita aji. Abin da aka zuba a asusun fanshonsa na wajen shekara biyu ya ragu gwargwadon raguwar albashin. Maganin hawan jini kuma likita ya ce ya ci gaba da sha.

Hukunci

Idan aka jera watanni shida na kafin Afrilun 2017 da watanni shida na bayansa, kwanakin aikin Injiniya a kamfani ɗaya ne, albashinsa ɗaya ne, amma halin mutumin ya sha bamban. Gaskiya ne abubuwa da dama sun canza a lokaci guda: ya fara shan magani, dangi sun rage masa kaya, dala ta sauko. Ba za a ɗora komai a kan jadawali ba. Sai dai akwai abu guda da aka gwada sau biyu, wato aikin gyara a waje. Da hannu ɗaya, da ilimi ɗaya, a wajen mutane kusan ɗaya, ya rushe a Nuwamba ya kafu a Mayu, kuma bambancin shi ne a karo na biyu yana iya faɗin rana ya cika. A ganina wannan ne zuciyar lamarin. Tsarin sunaye a bakin get ya biya shi ladan kwana uku ya riƙe masa kwana biyar, ya kwashe rashin tabbas ɗin da ke kan kamfani na dala da dizal da wuta ya ɗora a kan wanda ya fi kowa rashin ƙarfin ɗaukarsa.

Ban ga laifin kamfanin ba a kan zaɓar rage kwanaki maimakon kora. Da an kori kashi ɗaya bisa uku a Yunin 2016, da wasu gidajen sun fi haka tagayyara. Laifin yana wajen yadda aka aiwatar, da barin abin a baki har wata tara, alhali takardar da ta gyara shi shafi ɗaya ce kuma kusan ba ta ci kamfanin komai ba. Jamus ta bi hanyar rage awanni a rikicin tattalin arzikin duniya na 2009, sama da ma'aikata miliyan ɗaya suka shiga tsarin, amma a can ana sanar da hukuma, ana yarjejeniya da wakilan ma'aikata, gwamnati kuma tana mayar wa ma'aikaci kashi 60 cikin ɗari na ladan da ya rasa, 67 idan yana da 'ya'ya. Najeriya ba ta da irin wannan asusu, amma ɓangaren sanarwa da rubutawa bai buƙatar asusu.

Illar da ta shafi lafiyarsa ma ba baƙuwa ba ce ga masu bincike. David Dooley da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya sun bi rayuwar ma'aikata a Amurka suka wallafa a 2000 cewa faɗawa daga cikakken aiki zuwa wanda bai wadatar ba yana ƙara alamun ciwon damuwa, kamar yadda rasa aikin ke yi. Marie Jahoda, wadda ta yi nazarin ƙauyen Marienthal na Ostiriya a farkon shekarun 1930 bayan rufe masaƙarsa, ta nuna cewa aiki, ban da kuɗi, yana tsara wa mutum lokacinsa yana kuma ba shi matsayi a cikin jama'a. Injiniya ya rasa tsarin lokacin, matsayin kuma ya zame masa kaya: don ya kare sunansa na mai aikin yi ya wuni a masallaci, ya ranto ya ba dangi, ya ɓoye wa matarsa, kuma sunan nan ne ya rufe masa ƙofar fansho. Duk wanda ya kai wa kuka a lokacin, abin da yake ji shi ne da babu gara ba daɗi. Maganar gaskiya ce, amma ta sa ya yi shiru har hawan jini ya kama shi, kuma da zaman da aka yi a Maris 2017 an yi shi a Yulin 2016, ina kyautata zaton da fulotin da kuɗin MMM suna nan.

Dole kuma a faɗi iyakar wannan nasara. Injiniya yana da sana'ar da ake nema a wajen kamfani, yana da dangin da ke da abin rabawa, kuma shi ne irin ma'aikacin da shugabanni ke tsoron rasawa. Tun 2023 Hukumar Ƙididdiga ta koma ma'aunin da ke ɗaukar wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, adadin marasa aiki ya sauko zuwa wajen kashi 4 cikin ɗari, don haka mai irin makonnin awa 16 da ya yi ba zai ƙara fitowa a wannan babban adadin ba. Sai an duba alƙaluman ƙarancin aiki, waɗanda ba kasafai ake karanta su a labarai ba. A kamfanin nasu ma takardar Afrilu ta shafi ma'aikatan dindindin ne kawai. Masu ɗaure kaya da masu lodi da aka ɗauka ta hannun ɗan kwangila ba su shiga ciki ba, kuma har ƙarshen 2018 da safe ake kiran sunayensu a bakin get.